Hanyar da na bi na saka 'ya'yan ƙanwata a firamaren ƙauye

Mijin ƙanwata ya rasu a cikin azumin 2024, ya bar ta da yara uku a wani ƙauye na jihar Jigawa: babbar mace ce mai shekara 9, sai namiji mai shekara 6, sai autansu ɗan shekara 4. Babu wanda ya taɓa zama ajin boko a cikinsu. Ni a Kano nake zaune, ina da ɗan shagon kayan masarufi, abin da nake samu bai fi na rufin asiri ba. Da ta fita takaba wajen ƙarshen watan Yuli, na ƙudura a raina cewa ba za a koma makaranta a watan Satumba yaran nan suna gida ba. Na san akwai irina da yawa, mazauna birni masu 'yan uwa a ƙauye, waɗanda suke da niyyar taimakawa amma ba su san ƙofar da za su fara ƙwanƙwasawa ba. Saboda su nake rubuta wannan, daki-daki yadda abin ya gudana.

Ƙofar farko ba ta gwamnati ba ce, zauren baffan yaran ce, wato yayan marigayin, wanda shi ne maigida a yanzu. Ni kawu ne, kuma kowa ya san a wurinmu dangin uba ne ke da ta cewa a kan yara. Da na ɗauko mota daga Kano da yadin makaranta a hannu na wuce kai tsaye wurin hedimasta, da maganar ta mutu tun ba a fara ba. Na tafi da goro da ɗan sukari, muka gaisa, muka sake yi wa juna gaisuwar rashi, sai bayan la'asar na kawo maganar. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Malam, ni ba na ƙin boko. Amma allonsu fa? Kuma wa zai kora mini awakin nan da safe?" Tambayoyi ne na gaskiya, ba na neman kuɓuta ba. Mutumin nan shi kaɗai yake noma gonarsa da ta ƙaninsa, bakin da yake ciyarwa ya ƙaru, kuma yaro ɗan shekara 6 a ƙauye hannu ne. Muka tsaya a kan cewa yaran za su ci gaba da zuwa makarantar allo da asuba da kuma bayan magariba, kiwo kuma ya koma yamma idan an tashi daga boko. Washegari muka je tare wurin malamin allon, shi ma aka nemi yardarsa, ya ce zai riƙa sallamarsu da wuri su samu su karya kumallo. Wannan zama da aka yi a gaban malamin ya yi mini amfani daga baya fiye da yadda na zata.

Daga nan na shiga cikin gida wurin ƙanwata. Ita damuwarta daban ce, kuma ba ta faɗe ta a gaban maza ba. Ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa, yarinyar ce ke ɗaukar talla da safe ta zaga gari, ranar kasuwa kuma ta wuce kasuwa. Da wannan cinikin ake sayen gishiri da magi da sabulu da kuɗin niƙa. Ta ce, "Yaya, idan ta tafi makaranta da safe, wa zai fitar mini da shi? Ni ba fita nake yi ba." A nan na gane cewa yunifom da littafi ƙaramin abu ne a cikin lissafin. Abin da makaranta za ta ɗauke wa gidan shi ne cinikin safiya na kowace rana, kuma duk wanda bai cike wannan gurbin ba, to ya sani farantin talla zai dawo kan yarinyar komai daren daɗewa. Abin da muka yi shi ne na ƙara mata jari ta riƙa sayen gyaɗa da ɗan yawa, muka yi magana da wani mai tebur a bakin masallaci da wata mai sayar da abinci a tasha su riƙa karɓar ƙulin da man a kan sari. Ribar ta ɗan ragu a kan kowane kwano, amma kuɗin suna shigowa a dunƙule, har ta samu ta shiga adashi.

Hedimastan ban same shi a makaranta ba, domin ana cikin dogon hutu. A gona aka nuna mini shi. Mutum ne mai sauƙin kai, ya ajiye fartanya muka zauna a gindin bishiya. Na tambaye shi kuɗin shiga, ya ce babu. Ya tuna mini cewa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9, wato 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne a makarantun gwamnati, har ma dokar ta tanadi hukunci ga wanda ya karɓi kuɗin makaranta. Abin da ake bayarwa a wurinsu 'yan ɗaruruwa ne a zango, wanda iyaye da malamai suka amince da shi a taronsu don sayen alli da tsintsiya da gyaran ƙofa, kuma ya ce ba a korar maraya a kansa. Na tambayi takardu. Ya ce in akwai takardar haihuwa a kawo, in babu a kawo katin riga-kafi, in shi ma babu a kawo yaron, za a rubuta shi, takarda ta biyo baya. Wannan maganar ta sauke mini nauyi, domin na taho da tunanin cewa sai an haɗa komai kafin a karɓi yaro. Sai dai ya ja kunnena a kan abu ɗaya: sunan da aka rubuta a rajistar aji ɗaya shi ne zai bi yaro har jarrabawar gama firamare da gaba, saboda haka a kawo sunan yanka da sunan uba yadda za su kasance a takardar haihuwa, harafi da harafi, kada a kawo laƙabin da ake kiran yaro da shi a gida. Game da autan kuma, ya ce suna da rabin aji, amma tafiyar da ɗan nisa ga ɗan shekara 4, ga ruwa ya cika kwari, gara a bari sai baɗi.

Sai neman katunan riga-kafi. Na namijin da na autan suna nan, ƙanwata ta adana su a cikin leda a ƙasan kwallayenta, sun yi ja amma ana karanta ranar haihuwa sarai. Ta babbar ce babu, a gida aka haife ta, kuma katin da aka ba su daga baya ya ɓace a wata damina da ɗaki ya zuba. Muka tafi ƙaramin asibitin mazaɓa a kan babur, muka tarar da layin mata masu goyo har waje domin ranar riga-kafi ce. Mun daɗe a zaune, rana ta take sosai kafin a zo kanmu, amma zaman bai tafi a banza ba. Malamar asibitin ta duba katunan, ta auna dantsen autan da ɗan zaren awon nan mai launin kore da rawaya da ja, ta ce yana cikin kore amma a ƙara masa wake da gyaɗa da ganye. Ta ba shi ɗigon bitamin A da maganin tsutsar ciki, ba a karɓi ko kwabo ba. Ta kuma tambaya ko yana samun maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida duk wata a lokacin damina ga yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Shi wannan magani na kwana 3 ne: masu rabawa su ba da na ranar farko a gabansu, uwa ta ba da na sauran kwana biyun. Ta ce yawancin matsalar a nan take, uwa ta ga yaro lafiya lau sai ta ajiye sauran. Manyan biyun sun wuce shekarun wannan magani, saboda haka ta ce su gidan sauro ne kariyarsu, kuma watan komawa makaranta shi ne lokacin da zazzaɓi ya fi kwantar da yara. Na sayi gidan sauro guda a hanyar dawowa, domin wanda ke ɗakin ya yayyage.

Gano ranar haihuwar babbar ya zama aikin tsofaffi. Kakarta ta wajen uba ta ce da azumi aka haife ta, a shekarar da Buhari ya hau mulki, kuma an yi suna saura 'yan kwanaki salla. Azumin 2015 ya kama daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Yuli, saboda haka muka tsaya a kan farkon watan Yuli na shekarar. Ungozomar da ta karɓi haihuwar tana raye, ita ma ta tabbatar. Da wannan bayanin muka je wurin mai unguwa, shi kuma ya raka mu wurin dagaci. Na faɗi na yi gaisuwa, na ce, "Ranka ya daɗe, marayun gidan wane ne muke so a saka a makaranta, muna neman shaida." Ya sa magatakardansa ya rubuta 'yar takarda da ke cewa yaran 'yan garin ne, ga sunan uba, ga sunan uwa, ya buga hatimi. Ba a yanka mini kuɗi ba, na dai ajiye abin goro don kaina. Ba kowane ofishi ne zai tambayi wannan takarda ba, amma ga yaron da ba shi da kati ko shaidar asibiti, ita ce abin riƙewa a hannu.

Takardar haihuwar da hukuma ta sani ita ce ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda dokar 1992 ta ɗora wa rajistar haihuwa da mutuwa. 'Yar takardar da asibiti ke bayarwa ranar sallama shaida ce kawai da za a kai musu, ba ita ce takardar ba, haka ma takardar rantsuwa ta kotu. Suna da ofis a kowace ƙaramar hukuma, kuma a wurare da yawa suna da tebur a asibitoci. Tun ƙarshen 2023 aka ƙaddamar da yin rajistar ta na'ura, shi ya sa ake neman lambar NIN ta uwa ko uba ko mai riƙon yaro. Ƙanwata ta yi katin ɗan ƙasa lokacin da ake rufe layukan waya, amma 'yar takardar ta ɓace. Muka danna *346# a kan layin da ta yi rajistar da shi, aka cire 'yan nairori, lambar ta fito, na rubuta ta a bayan katin riga-kafi don kada ta sake ɓata.

Muka yi sammako zuwa sakateriya, ni da ita da autan a goye, manyan biyu muka bar su gida. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin babur ya zama abin lissafi, zuwa da dawowa ya ci mana kusan naira 4,000. Tun daga bakin ƙofa wani matashi ya tare mu, ya ce shi ne ke yin takardar haihuwa, naira 5,000 kowane yaro, a karɓa yau-yau. Ba ma'aikacin wurin ba ne. Na ga yadda ƙanwata ta fara kwance bakin zaninta, raina ya ɓaci ƙwarai, domin na san mata nawa ne suke zuwa su kaɗai su miƙa kuɗin cefanen mako guda ga irinsa. Na ce masa mun gode, muka wuce ciki muka tambayi ofishin ƙidaya. Ma'aikacin da ke kan tebur ya karɓi katunan da takardar dagaci, ya yi tambayoyi: sunan yaro, ranar haihuwa, garin da aka haife shi, a gida ko a asibiti, na nawa ne a wurin uwarsa, sunan uba da sana'arsa, shekarun uwa. Sabis ɗin waya ne ya riƙa ɗaukewa a yankin gaba ɗaya, sai a jira ya dawo, har muka yi azahar a wurin. A lokacin ta autan kyauta ce, kamar ta duk yaron da bai kai shekara 5 ba. Ga wanda ya haura haka kuwa, ka tambayi ƙa'idar rajistarsa daga bakin wanda ke kan tebur, kuma duk abin da za ka biya a ofis ka karɓi rasit. Kafin ya tura bayanin na roƙe shi ya juyo mini da na'urar na karanta sunayen da idona. Ya yi haka ba tare da ɓata rai ba. Takardun ba su fito a ranar ba, sai daga baya aka kira muka aika aka karɓo, lokacin har an koma makaranta. Na yi musu hoto a waya, na buga kwafi, na sa aka lulluɓe na ainihin da roba.

Sayayya ita ce ta fi sauri. Na tambayi launin yunifom tun a gonar hedimasta, na sayi yadin a Kantin Kwari inda ya fi araha, na kai wa telan ƙauyen da sauran mako uku a koma, kafin ɗinki ya yi masa yawa. Na ce ya yi su da ɗan girma, ya bar lanƙwasa a ƙafar wando. Kowanne kala biyu, yarinyar da hijabi biyu. Da yadi da ɗinki da takalma da jaka da littattafan rubutu da fensir, abin ya tasar wa naira 40,000 a farashin lokacin. Littattafan ban miƙa su duka ba, na ba uwar ta ajiye, ta riƙa fitarwa idan wani ya cika.

Ranar da aka koma, ni da baffansu muka raka su. Na so ya kasance shi ne a gaba, shi ya faɗi sunayensu da bakinsa, kuma haka aka yi. Makarantar ajujuwa ne 'yan kaɗan, wani rufin ya yaye, 'yan aji ɗaya a kan tabarma suke zaune, sun cika ɗakin maƙil. Malamai ba su kai yawan ajujuwan ba. Namijin aka rubuta shi aji ɗaya nan take. Yarinyar ce aka ɗan tsaya a kanta: ta fi 'yan aji ɗaya tsawo nesa, kuma na ga ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta. Wata malama ta ja ta gefe, ta ba ta alli ta ce ta rubuta abin da ta iya. Ta rubuta baƙaƙen allo tsaf, kuma da aka yi mata lissafin canji, nawa za ta mayar idan an ba ta ɗari biyar an sayi na ɗari da hamsin, ta amsa kafin a rufe baki. Malamar ta ce a sa ta aji biyu, ita za ta riƙa zama da ita lokacin tara tana koya mata haruffan boko. Idona ya cika da ƙwalla a wurin, domin na san da an zaunar da ita cikin ƙananan yara ana yi mata dariya, ba za ta yi wata guda ba.

Abinci babu a makarantar. Shirin ciyar da 'yan aji 1 zuwa 3 da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 an dakatar da shi a farkon 2024, saboda haka yaro ko dai ya karya a gida ko a ba shi kuɗin tara. Muka tsara koko da ɗumamen tuwo da safe, da ƙuli a aljihu, ni kuma ina turo ɗan abin da ya samu duk ƙarshen wata ta hannun mai POS na ƙauyen, kai tsaye zuwa ga uwar.

Jarrabawar gaske ta zo da kaka. Da aka shiga girbin gero da cirar gyaɗa da roron wake, sai ajin ya fara raguwa, namu ma suka fara fashi, musamman ranar kasuwa. Ni ina Kano ban sani ba, sai da malamar nan ta kira ni, domin na bar mata lambata. Ban kira baffansu da faɗa ba. Na kira malamin allo, wanda aka yi alkawarin a gabansa, kuma ashe yana cikin kwamitin kula da makaranta na al'umma da ake kira SBMC, wanda ya haɗa mai unguwa da liman da iyaye maza da mata da malamai. Shi ya je ya samu baffan. Ashe hannu ne ya yi masa ƙaranci, gyaɗa na neman lalacewa a ƙasa. Na tura kuɗin 'yan ƙodago na 'yan kwanaki, yaran suka koma aji, suna zuwa gona ranar Asabar da Lahadi. Kuɗin da na kashe a nan bai kai na yunifom ba, amma a ganina shi ne ya riƙe su a makaranta.

Wanda zai bi wannan hanya, ya fara tun farkon Agusta, lokacin da tela bai cika ba, hedimasta yana da sararin sauraro, kuma ba a shiga girbi ba. Ya fara da masu iko da yaran a cikin gida, ya tambayi uwar ita kaɗai abin da zuwan yaro makaranta zai rage mata, domin ba za ta faɗa a zaure ba. Kada ya jira takardar haihuwa kafin ya kai yaro a rubuta shi, kuma kada ya miƙa kuɗi ga wanda ya tare shi a bakin ƙofa. Suna ya zama iri ɗaya a kati da takardar haihuwa da rajistar aji. Ya ware wani abu don watan Oktoba da Nuwamba, kada ya ƙarar da ƙarfinsa duka a kan kayan ranar farko. Sannan ya samu mutum ɗaya a cikin makarantar da zai kira shi idan yaro ya yi fashi, ya riƙa saka masa kati a waya, domin daga birni ba ka ganin wanda ya je aji da wanda ya tafi gona. Idan aka samu matsalar da ta fi ƙarfin hedimasta, kamar ƙarancin malamai, ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ne wurin kai kuka, kuma an fi sauraron kwamiti idan ya je da takarda a kan mutum ɗaya.

Yanzu abin da ke gabana shi ne ƙaramar sakandare. Babu ita a ƙauyen, sai a garin da ke da kasuwa, kuma yarinyar za ta gama aji shida tana da shekara 14, shekarun da ake fara kawo maganar aure a can. Na riga na buɗe zancen da baffanta tun yanzu, a gaban malamin allo da mai unguwa, kuma na fara tara kuɗin keke.